Launin da Na Je Nemo wa Yaya Mudi

Ruwa ake yi ranar da na sauka, wani yayyafi mai sanyi wanda ba ya tsayawa. Birni ne na bakin teku a kudancin Italiya. Na fito daga tashar jirgin ƙasa ina jan akwati, a hannuna takarda mai adireshin ɗakin da aka kama mini. Wanda ya kama ɗakin wani Bahaushe ne da muka san juna ta waya kawai. Ya ce ya daɗe a ƙasar, kuma taimakon ɗalibai 'yan Arewa shi ne sadakarsa. Har hoton ɗakin ya turo mini, da gado da tebur da taga mai kallon ruwa. Na aika masa abin da ya nema tun ina Isa, ban yi shawara da kowa ba, don muryarsa irin ta mutanen kirki ce, ba ya rufe magana sai da salati.

Na sami layin, na sami lambar gidan. Shagon gyaran babura ne. Mai shagon ya goge hannu, ya duba takardar, ya girgiza kai. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma ya ɗaga yatsu uku ya nuna ni. Na gane cewa ni ne na uku da ya zo masa da wannan takarda. Na kira lambar mutumina, a kashe. Har yau a kashe take.

Sunana Sanusi. An haife ni a wani ƙauye da ke gefen Bafarawa. Mahaifinmu ya rasu ina firamare, sai gona ta koma hannun yayana, Yaya Mudi, wanda ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Yaya Mudi zabiya ne. Fari ne sol, gashinsa kamar busasshiyar ciyawa, idanunsa na rawa in rana ta take. Ya bar makaranta da wuri don ba ya ganin allo. Shi ya noma geron da ya kai ni sakandare, shi ya noma dawar da ta kai ni jami'a a Sakkwato. Kowace damina wuyansa da kunnuwansa da bayan hannunsa sai sun yi ja sun saɓule, Inna ta shafa masa man kaɗe, gari ya waye ya koma gona. Da shekaru suka ja, wuraren suka fara yin ɓawo mai tauri wanda ba ya faɗuwa.

A jami'a na karanta kemistiri, a nan na san cewa abin da yayana ya rasa yana da suna. Melanin ake ce masa, baƙin launin da ke fatar mutum da gashinsa, wanda ke tare zafin hasken rana kafin ya yi wa jiki lahani. Na kuma ji cewa ana haɗa shi a ɗakin gwaji. Shekara biyar ina koyarwa a wata sakandare a Isa, ina aika takardun neman karatu, har wata farfesa ta amsa mini. Da na gaya wa Yaya Mudi za ni nemo abin da za a riƙa shafa masa, dariya ya yi ya ce, "To ka yi sauri kahin in ida ƙonewa."

Da wannan alkawari na tsaya a ƙofar shagon babura, ruwa na shiga mini wuya.

Kwana biyu na yi a wani masauki na kusa da tasha, mu takwas a ɗaki, ina barci da fasfo a cikin singileti. A rana ta uku ina tafe ban san inda za ni ba, sai na ga wani dattijo yana sayar da lema a bakin hanya. Ba lemar ce ta tsayar da ni ba, fuskarsa ce. Tsagen Gobirawa ne a kumatunsa, daga gefen baki har kunne, irin na kakana. Na tsaya ina kallonsa kamar wawa. Da ƙyar na iya cewa, "Salamu alaikum, Baba."

Ya amsa, ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan ina?"

"Ƙasar Isa."

"La ilaha illallahu! Ni ɗan Tsibiri ne, can Nijar. Mi ya kawo ka wagga ƙasa, ɗana?"

Hawaye ne suka zubo, ni da gemuna, a tsakiyar titi. Ya naɗe lemominsa a buhu, ya ce in biyo shi.

Sunansa Malam Illa. Shekarunsa da yawa a can, yana zaune da wasu mutum biyu 'yan Senegal a wani ɗaki na ƙasa wanda bangonsa ke tsatsafo da ruwa. Ya shimfiɗa mini bargo kusa da nasa. Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya sa mini suna Mushe, yadda suke kiran malamin boko a Nijar. Na ce masa a wajenmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Ya ce, "Ai shi na gani tsaye gabana ran nan." Wata huɗu na yi a ɗakin nan kafin jami'a ta ba ni wuri, bai taɓa bari na sayi ko gishiri ba.

Farfesar da na zo wurinta tsohuwa ce, gajeriya, mai saurin magana. Ta karɓe ni da mutunci, amma ba ta zama, kullum tana kan hanya. Sai ta haɗa ni da babban mataimakinta, wani mai suna Dariyo, ta ce shi zai koya mini aiki. Satin farko ya nuna mini yadda ake haɗa launin. Ana zuba wani farin gari a ruwa, a bar iska ta shiga. Ruwan ya fara ja-ja, ya koma kalar shayi, kafin yamma ya zama baƙi wuluk. Ranar da na fara gani na kasa ɗauke ido. Na ɗaga kwalbar na ce a raina, ga shi nan, abin da Yaya Mudi ya rasa, a cikin tafin hannuna.

Da safe na dawo na tarar baƙin ya dunƙule ya kwanta a gindin kwalba kamar garin gawayi, ruwan sama ya koma garau. Ba ya narkewa, ba ya shafuwa, in ya bushe sai ya farfashe. Dariyo ya ce, "Wannan ita ce matsalar kowa. Don ita ka zo."

Wata rana bayan la'asar Malam Illa ya tambaye ni, "Mushe, wai mi kaka yi a lakwal ɗin nan, makarantar taku, kullum? Hannunka duk ya yi baƙi."

Na ce, "Baba, a jikin mutum launin ba a sake yake ba. A cikin fata akwai wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya gani. A cikin kowace an ja zare siriri, na furotin, wato irin abin da ke gina nama da gashi. Zaren ake fara shimfiɗawa, sannan launi ya zo ya hau kansa, ya jeru. Mu a kwalba launi kawai muke yi, ba zare, shi ya sa yake dunƙulewa. Aikina in yi zaren, in ga yadda zai canza halin launin."

"Da mi kaka yin zaren?"

"Da farin ƙwai. Akwai wani furotin a ciki, in an dafa shi a ruwa mai tsami kwana da kwanaki sai ya miƙe ya zama zare. Muna gwada na siliki da na gashin tumaki ma."

"To yayanka, shi zaren ne babu?"

"Zaren yana nan, Baba. Launin ne bai samu hawa ba."

Ya ce, "Ashe marini ne kai. Ka bar marina a Gobir ka taho nan rini."

Shekarar farko ta tafi a banza, ko haka na gani a lokacin. Launin yana hawa zaren, har ya fi saurin fitowa in akwai zare, kuma ba ya kwanciya da wuri. Amma da na shimfiɗa shi a gilashi ya bushe sai ya tsattsage kamar laka a fadama bayan ruwa ya janye. Na yi ta maimaitawa har na daina ƙirga kwalabe. Abinci ba ya shiga. In na ga taliya sai in tuna tuwon gero da miyar kuka na Inna, in ture faranti. A cikin motar haya mutane sukan bar kujerar kusa da ni ba kowa. Wata mata ta taɓa janye jakarta da na zauna. Na dubi bayan hannuna na yi mamaki: abin da nake wahalar haɗawa a kwalba shi ne abin da ta gani a jikina ta tsorata, shi ne kuma wanda rashinsa ke cin yayana.

Duk Juma'a nakan kira gida. Yaya Mudi ba ya son dogon zance a waya. "Lahiya lau muke. Gero ya yi kai. Kai dai ka yi karatu." Matarsa, Hajo, ita ce wata rana ta karɓi wayar ta fita waje ta ce, "Malam Sanusi, wanga miki na bayan kunnenai ya ƙi warkewa. Wata uku ke nan. Shina jini in ya kwanta kanshi." Na ce su je asibitin Isa. Suka je, aka wanke, aka ba shi ƙwayoyi da man shafawa.

A azumin shekara ta biyu abin ya faru. Ana dafa farin ƙwan ne a kan wata na'ura mai juya ruwa ba tsayawa. Na ɗora ranar Alhamis, muka shiga hutun kwana huɗu. Da na dawo na tarar injin juyawar ya lalace tun ranar farko, zafi kawai ke aiki. Ruwan ya yi kauri kamar koko. Na ɗauka zan zubar, sai na ga asarar kwanakin, na ce bari in gwada haka nan. Na zuba farin garin a kai. Launin ya hau, ya yi baƙi mai sheƙi, bai kwanta ba ranar, bai kwanta ba bayan sati. Na shimfiɗa shi a gilashi, ya bushe sumul, ba tsaga ko ɗaya. Na sa shi ƙarƙashin fitilar da ke kwaikwayon rana, ya daɗe bai koɗe ba, fiye da duk wanda na taɓa yi. Daga baya na gane dalili. Juyawar da muke yi ita ke kakkarya zaren ya zama guntaye. Da aka bar shi ya huta sai ya yi tsawo, ya sarƙe da juna, launin ya sami abin kamawa.

Da gudu na je na nuna wa Dariyo. Ya duba, ya sake dubawa, ya dafa kafaɗata. Ya ce in ba shi littafin da nake rubuta gwaje-gwajena ya duba lissafin, kuma kada in damu Farfesa tukuna sai mun tabbatar. Na ba shi.

Bayan wata biyu wata ɗaliba 'yar ɗakin gwajinmu ta dawo daga wani taron masana, ta ce mini, "Na taya ka murna, na ga aikin Dariyo da ka taimaka masa." Ta nuna mini hoton allon da ya gabatar. Gilashina ne, har da ɗan karcen da ke gefensa. Sunansa a sama, da na Farfesa. Nawa yana can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, cikin waɗanda ake gode wa don taimakon wanke kaya da haɗa ruwa.

Na same shi a ofis. Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Inji ne ya lalace, Sanusi. Kai ka ga abu, ni na san ma'anarsa. Kai ɗalibi ne, lokacinka na zuwa." Na ce littafina fa? Ya ce ya ɓace a cikin kaya.

Kwana uku ban je aiki ba. Malam Illa ya zo har ɗakina da ƙullin dabino. Na gaya masa za ni koma gida. Ya ce, "In ka koma, mi za ka hwaɗa ma yayanka? Wani ya ɗauke maka littahi? Tashi ka tai wurin tsohuwar. In ta ƙi ji, ka san ka hwaɗi."

Na je. Allah ya taimake ni, duk shafin da na rubuta nakan ɗauke shi hoto a waya, don na saba da ruwan sama na jiƙa mini takardu a Isa. Farfesa ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ta canza. Ba ta kori Dariyo ba, ba ta ko yi masa faɗa a gabana ba. Ta ce za a sa sunana na biyu in an buga aikin, kuma za ta tura ni Jamus wata shida, wurin da ke da babban madubin da zai nuna zaren ƙuru-ƙuru. Na gane raba ni da Dariyo take son yi. Kafin in fita na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba.

"Farfesa, yaushe wannan abu zai kai a shafa wa mutum a fata?"

Ta cire tabarau. "Wa ya ce maka shafawa za a yi?"

Na ba ta labarin Yaya Mudi. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ɗana, mu muna ƙoƙarin gane yadda abin yake ne. Kafin ya kai fatar mutum, shekara goma, ko ashirin, ko ma ba zai kai ba. Da ka gaya mini tun farko da na faɗa maka."

Garin da aka tura ni a arewacin Jamus yake. Na isa da sanyin hunturu, rana na faɗuwa tun kafin la'asar ta yi sanyi a wajenmu. Ba Malam Illa, ba mai jin Hausa ko ɗaya. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai suna Helga, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ba ta da fara'a. Dokokinta a rubuce suke a jikin ƙofar kicin. Amma da ta lura ba na cin naman da ke gidan, sai ta riƙa shiga mota tana zuwa wani shagon Turkawa a ɗaya gefen gari tana sayo mini kaza, ba ta taɓa cewa komai a kai ba.

A can na ga zaren da idona. A fuskar na'urar ya fito dogo-dogo, a sarƙe, launin ya bi jikinsa ya lulluɓe shi. Na gajeren zare kuwa launin ya taru gungu-gungu a bakinsa. Abin da na yi zato shi ne. Mai kula da na'urar ya ce hoto ne mai kyau. Na ce haka ne. Ban ji komai ba.

Wata safiya Hajo ta turo mini hoton mikin. Ina zaune a kicin, na ajiye wayar a tebur na rufe fuska. Helga ta shigo, idonta ya faɗa kan hoton. Ta ɗauka, ta sa tabarau, ta buɗe shi da yatsu.

"Wane ne wannan?"

"Yayana."

"Tun yaushe?"

"Ya fi shekara."

Ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba in ina kicin. Ta ce, "Ni ba likita ba ce, amma na ga irinsa da yawa. Wannan ba miki ba ne, ciwon daji ne na fata. Ba man shafawa yake so ba, wuƙa yake so, yau, ba gobe ba. In an yanke shi yana ƙarami yawanci ana warkewa." Ta tambaye ni ko yana rufe jikinsa a gona, ko yana barin aiki in rana ta take, ko wani ya taɓa duba fatarsa duk shekara. Kowace tambaya na ce a'a. Ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Kai kuma ka san duk wannan."

Na sani. Yana cikin littattafan da na karanta tun a Sakkwato. Na tsallake shi don ya yi mini ƙanƙanta, ina hangen babban abu.

Na kira gida a take na ce a kai shi Sakkwato. A lokacin hanya ta ɓaci. 'Yan bindiga sun hana noma a rabin gonakinmu, motoci ba sa bi sai an taru an sami rakiya. Suna cikin shirin tafiya sai aka ɗauke layin waya a yankin gaba ɗaya. Na kira Hajo, shiru. Na kira abokan aikina na Isa, shiru. Na kira wani ɗan ajinmu a Sabon Birni, shiru. Sati bakwai ban san ko yayana na raye ba. Ina zuwa aiki, ina ɗaukar hoton zare, ina dawowa. Helga ta daina tambayata, sai dai in tarar da shayi a ƙofar ɗakina.

Wata Talata da hantsi ina gaban na'ura sai ga kira da lambar Nijar. Ƙanen Hajo ne. Ya ce sun hau babur tun asuba sun zo wajen Burkusuma, inda ake kama layin Nijar in an hau tudu. Ya ce an kai Yaya Mudi Sakkwato, likitoci sun yanke kunnen duka, amma sun ce abin ya riga ya shiga wuya. Sun sallamo shi. Ya ce, "Ga shi nan, shi ya matsa sai an kawo shi."

An ɗora mutum mai wannan ciwo a babur, an bi daji da shi, don ya yi magana da ni.

Muryarsa ta shige ciki, sai na toshe ɗaya kunnen kafin in ji. "Sanusi. An kwan lahiya?"

"Yaya, za ni taho. Gobe za ni nemi jirgi."

"In ka taho, suna barin ka koma?"

Takardar zamana tana hannun hukuma ana sabuntawa. In na fita kafin ta fito, ba ni da hanyar dawowa. Ya gane tun kafin in faɗa.

"To kak ka taho. Na hwaɗa maka. Ban noma gero shekara ashirin don ka dawo hannu wohi ba." Ya yi tari mai tsawo. "Abin da ka tai nema, ka same shi?"

Ƙarya ta zo mini har baki. Na so in ce saura kaɗan. Amma bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko a kan hatsin da ya rage a rumbu. Na ce, "Yaya, na sami wani abu. Na gane yadda launin ke zama a kan zare. Amma ba magani ba ne. Ba zai yi maka komai ba. Ka yafe mini."

"Ai na sani," in ji shi. "Tun randa ka hwaɗi na san ba nawa ba ne. Na bar ka ne don in ba ka ce don ni za ka ba, ba ka tahiya. Abin shina da kyau?"

"Yana da kyau, Yaya. Baƙi ne, yana sheƙi."

"Madalla. Ka kula da Inna."

Layin ya yanke. Na kira har sau goma, bai shiga ba.

Ya rasu bayan kwana goma sha tara. Labarin bai iso ni ba sai da aka yi sadakar bakwai. Ban yi masa wanka ba, ban ɗauki makararsa ba. Na yi masa salla ni kaɗai a ɗakina, tsakanin gado da tebur. Helga ta tsaya a bakin ƙofa har na idar, sannan ta tambaye ni sunansa. Ta maimaita shi sau biyu don ta iya faɗa daidai.

Na koma Italiya na ƙarasa abin da ya rage. Aikin ya fito, sunana na biyu. Ranar da na kare karatuna a gaban malamai, Malam Illa ya zo da babbar riga ya zauna a layin baya, bai ji kalma ɗaya ba, amma shi ya fi kowa tafi. Farfesa ta ce in zauna ta nema mini aiki. Na gode mata na ce Inna ta tsufa. Malam Illa ya raka ni tasha. Na ce masa yaushe zai dawo Tsibiri? Ya ce, "In lema ta ƙare." Bara aka gaya mini ya rasu a can, 'yan Senegal ɗin nan suka binne shi.

Da na iso gida Inna ta shafa fuskata ta ce na rame. Hajo ta nuna mini kabarin, ba alama a kansa sai tulin ƙasa da ƙaya. Mutanen gari suka yi ta zuwa gaisuwa, ana ce mini Dakta. Wani ya kawo mini ɗansa mai zazzaɓi, na ce ba irin wannan dakta ba ne. Ya tambaye ni to wane iri?

Yanzu ina koyarwa a Sakkwato. Ba mu da na'urar da za ta nuna zare, wutar lantarki ma ba kullum ba. Ina zuwa gida in hanya ta yi kyau.

Ranar wata kasuwar Bafarawa, da rana tsaka, ina tsaye wurin masu hatsi sai na hangi wata mata tana cinikin dawa, da goyo a bayanta. Kan yaron a waje yake, fari sol, ya yi ja don zafi, ya runtse ido yana juya fuska. Na bi ta a baya daga rumfa zuwa rumfa, ban san ta inda za ni fara ba. A garinmu namiji ba ya tare matar mutane a kasuwa. Da ta juya za ta fita na yi sallama.

"Baiwar Allah, don Allah ja mayafinki ki rufe masa kai da wuya. Kada ki bar rana ta riƙa dukansa, musamman daga hantsi zuwa la'asar. In ya girma a sa masa riga mai dogon hannu. Kuma duk randa kika ga miki ya yi sati uku bai warke ba, kada ki tsaya shafa mai, ki kai shi babban asibiti."

Ta ja baya, ta dube ni da takalmina da agogona. "Kai likita ne?"

"A'a," na ce. "Ƙanen zabiya ne ni."

"Shina ina, yayan naka?"

Ta daɗe tana kallon fuskata. Sannan ta ajiye kwanon dawar a ƙasa, ta kai hannu baya, ta ja mayafin ta rufe kan yaron.